Rasuwar Ta-Baya a Hanyar Ingal

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannuwan da baƙin mai bai gama fita daga farcensu ba, Aissa Alkasum ta Sabon Garin Agadas tana sanar da 'yan uwa da maƙwabta, har da waɗanda suka daɗe suna jiran wannan labari, rasuwar rimork ɗinta, 'yar amalanken ƙarfen nan da take ja a bayan mota, wadda aka fi sani da Ta-Baya. Ta cika ranar Talata da hantsi a kan gudron, wato titin kwalta, tsakanin Ingal da Agadas, da buhu goma sha ɗaya na gishirin Tegidda a bayanta. Shekarunta ashirin da uku. Aissa ta girme ta da shekara huɗu kacal.

Marigayiyar ba daga ƙasar waje ta zo ba. Malam Alkasum, Allah ya ji ƙansa, shi ya haɗa ta da hannunsa a ƙofar gida, da ƙafafun wata motar da ta mutu da katakon tsohuwar ƙofa. Ta rayu cikin biyayya. Ba ta taɓa shiga gaba ba, ba ta taɓa tambayar ina za a ba. Ta sha laka a filin Igazar, ta sha rana, ta ɗauki gishiri da dabino, wata rana har da ragon da ya ƙi tafiya. A cikin shekara huɗun da Aissa ta yi tana tuƙi ita kaɗai bayan rasuwar mahaifinta, Ta-Baya ce kaɗai ba ta tambaye ta abin da mace mai diplom take nema a hanyar gishiri ba.

Hakkinta ɗaya ne a kan masu ita, kuma Malam Alkasum bai yi wasa da shi ba. Duk inda aka tsaya, kafin a sha ruwa, sai a dafa cibiyar ƙafarta da tafin hannu, kamar yadda uwa ke dafa goshin ɗanta. In da ɗumi, lafiya. In ta ƙona hannu, akwai magana. Sau biyu kuma a shekara, kafin damina da bayanta, ana ɗaga ta a kan kirik, wato jak, a cire ƙafa, a zaro rulma, wato zoben ƙarfen nan mai 'ya'ya da ƙafar ke juyawa a kansa. Aissa takan kai shi cikin ɗaki ta rufe ƙofa saboda rairayi, ta wanke shi da gazuwal, man dizal, a gwangwanin tumatir, ta shanya a kan tsumma mai tsabta. Sai ta cika tafin hagu da man gires, tana danna bakin rulman a ciki, tana juyawa, tana dannawa, har man ya ɓullo ta ɗaya gefen. In ta mayar, takan ɗaure har ya kama, ta sassauta kaɗan, ta murza ƙafar ta kasa kunne. Marigayiyar takan ce "shhhh", a hankali, kamar mai lallashin jariri. Aissa ba ta san wata murya da ta fi wannan kwantar mata da rai ba.

Kawu Bahago, ƙanen mahaifiyarta, yakan tarar da ita a wannan aiki. "Ke 'yar nan, an kai ki makarantar lekol ne don ki riƙa birgima ƙarƙashin ƙarfe? Ga aikin biro, aikin ofis, a Cirozerin na samo miki, kujera da inuwa." Takan ce, "Kawu, a lekol ɗin ne ma aka koya mini karanta lambar rulma." Ranar da ya gaji ya yanke mata magana a gaban mahaifiyarta: ran da tsohuwar amalanken nan ta kwanta, hanya ta ƙare, sai biro.  Aissa dai ta ci gaba da murza ƙafa.

Ciwon ajali ya samo asali daga alheri, kuma iyalan marigayiyar ba sa zargin kowa. Wata guda da ya wuce, Aissa ta isa Tegidda da tsakar rana, jan ƙasa ya rufe Ta-Baya har ba a gane launinta. Aka shigar da Aissa inuwa, aka ɗora shayi. Matan da take sayen gishiri a hannunsu suka ga bai dace 'yar Alkasum ta koma gari da abin hawa a wannan hali ba. Ruwan daɗi a Tegidda daga nesa ake kawo shi, na sha ne. Suka ɗebo na ramukan gishiri, ƙwarya bayan ƙwarya, suka wanke ta tas, suka fi ba da ƙarfi a ƙafafu inda datti ya fi yawa. Ƙarfen na da zafin tafiya. Ƙarfe mai zafi in ya huce da gaggawa yakan zuƙi ruwa ciki, robar da ke tsare bakin cibiyar kuma ta tsufa.

Da Aissa ta fito, Inna Mairo, babbar matan, ta tare ta tana dariya, zaninta jiƙe har gwiwa. "Zo ki gani, 'yar Alkasum! Ubanki shekara ashirin bai taɓa ganin fuskarta haka ba." Aissa ta dubi ruwan da ke ɗiga daga cibiyar dama, ta dubi hannuwan tsohuwar da gishiri ya tsattsage. Kayan aikinta na cikin mota. Amma ta kwance ƙafa a gabansu, ta wanke abin da suka wanke? Ta yi godiya, ta ƙara godiya, ta ɗora kaya.

Wannan ba laifi ba ne. Laifin ya zo a gida, kuma Aissa ta ɗauke shi ita kaɗai. Ta iso ta tarar da Kawu a zaure da takardar aikin biro a aljihu. Lokacin gyara bai yi ba, saura wata biyu. In ya ga Ta-Baya a kan kirik ba a lokacinta ba, zai ce ciwo ya fara. Ta ce a ranta, gyara sai bayan ya tafi. Kawu ya yi kwana tara. Da ya tafi, masu dabbobi na jiran gishiri, ta ce sai ta dawo.

Marigayiyar ba ta ɓoye ciwonta ba. Ta fara da "wiiii" siriri a tafiya ta biyu. A ta uku ta koma "gurr, gurr", Aissa ta ƙara muryar rediyo. Ranar Talata, bayan Ingal da kaɗan, ta ce "ƙwar, ƙwar, ƙwar", sannan ta yi wata ƙara guda da Aissa ba za ta iya rubutawa ba. Hayaƙi ya tashi. Rulman ya narke ya manne da sandar ƙarfen da ke ɗauke da ƙafa, sandar ta tsage. Aissa ta dafa cibiyar duk da haka. Tabon yana nan a tafinta.

Ta zauna da gawar daga hantsi har la'asar a gindin wata ƙaya marar inuwa. Salularta na da rezo, wato akwai sabis. Ta dubi sunayen da ke ciki ɗaya bayan ɗaya, ba ta sami wanda za ta kira ba tare da ya ce dama ya faɗa ba. Ta sauke buhunan da kanta. Wani mai kamiyo, babbar motar kaya, da ba ta san sunansa ba ya tsaya, ya ɗora gawar da gishirin, bai tambaye ta komai ba. Allah ya saka masa.

Ta rasu ta bar tsohuwar mota wadda har yanzu ƙugiyar bayanta ke rataye ba kowa, da ƙafar hagu mai cikakkiyar lafiya da ba ta san abin da ya faru ba, da rabin gwangwanin gires, da Aissa.

Za a yi mata sutura ranar Juma'a bayan la'asar a ƙofar gidan marigayi Malam Alkasum. Aissa ce za ta kwance ta da hannunta, ba a buƙatar taimako. Masu sayen tsohon ƙarfe su yi haƙuri, ba za a ɗora ta a sikeli ba. Ana roƙon matafiya kada su kai wa matan Tegidda labarin abin da ya kashe ta. In sun tambaya, a ce tsufa ne.

Zaman makoki yini ɗaya ne. Za a shimfiɗa tabarma guda, za ta isa. Ana kuma sanar da Kawu Bahago, cikin ladabi, cewa an riga an cire kujerun bayan motar, an auna wurin, yana cin buhu shida. Ranar Litinin da sassafe mai makokin za ta kama hanyar Tegidda, ba kowa a bayanta.