Ranar da Na Ninka Saurin Numfashi

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da ansifekta ya tarar da ni zaune a ƙasa bayan aji ba, kaina sharkaf da ruwa, mai ƙosai tana yi mini tofi a kunne. Amma bari in faro daga farko, ko da yake ba halina ba ne.

Shekarata ta farko ke nan da koyarwa, 'yar kwantiragi a wani ƙauye kusa da Dogo-Dogo, ajina rumfar kara. Darektan makarantar, Mushe Haruna, wato Malam Haruna, ya ce nan da mako biyu ansifekta, wato babban mai duba malamai, zai zo daga Dungas ya ga yadda nake koyarwa, kuma abin da ya rubuta shi zai sa a bar ni a aikin ko a sallame ni. Tun daga ranar ƙirjina ya ƙi zama lafiya. Ina cikin tuƙa tuwo sai zuciyata ta hau dukan uku-uku. Ni da ke gaya wa kowa gaskiyarsa ido da ido, sai ga alli yana rawa a hannuna.

Wata ƙawata ta kwalej ta turo mini lambar wata mata a Damagaram, wai ta karanci halayyar ɗan Adam, tana ba mutane shawara ta waya kan damuwa da fargaba. Gaskiya son sani ne ya kai ni. Me za ta gane game da ƙirjina, ba ta taɓa ganina ba, ba allura, ba ƙwaya, ba rubutun sha? Na rubuta mata: "Zuciyata na gudu. Mene ne maganin? A taƙaice."

Ta amsa da saƙon murya na minti shida.

(A nan dole in tona wa kaina asiri. Akwai ɗan maɓallin nan da ke ninka saurin magana a saƙon murya. Tun da Gwaggona ta Yekuwa ta sami waya, take faro gaisuwa daga gajiya ba ta tsayawa sai ta kai kan awaki, na danna shi ban sake mayar da shi ba.)

Don haka da sauri nake jin matar, ban ko tuna da maɓallin ba, na ɗauka haka muryarta take. Na ce yawwa, ga mace irina. Tambayoyinta kuma sun ba ni mamaki. Yaushe abin ke tasowa? Me nake gaya wa kaina a lokacin? Kofi nawa na shayi nake sha? Ta ce jiki ba ya bambanta ansifekta da maciji, duk shirin gudu yake yi. Wannan magana na yini ina juya ta. Daga baya ta turo wani saƙo, ita tana ƙirga ni ina shaƙar iska ina saki, ta ce in riƙa gwadawa kowace safiya. Ko buɗe shi ban yi ba. Numfashi kuma sai an koya mini? Tun da aka haife ni nake yi.

Ranar zuwan ansifekta, ina jin ƙarar babur daga nesa bugun nan ya dawo. Na bar yara suna maimaita baƙaƙe, na zaga bayan rumfa gindin wani gawo, na sa abin sauraro a kunne, na danna saƙon.

"Shaƙa, ɗaya biyu uku huɗu, saki!" Haka na ji ta, kamar ana korar ta. Na bi. Da na ga bugun bai tsaya ba sai na ce ƙarfi ne bai isa ba, na ƙara, har ina riga ta ƙirgen. Ina ta huci kamar zuga-zugin maƙera. Yatsuna suka fara tsuma, leɓena ya mutu, bishiyar gawo ta karkace. Na zube zaune.

Inna Delu, tsohuwar da ke sayar wa yara ƙosai, ta ajiye matsaminta ta taso ba gaggawa. Ta dube ni ta ce, "Dama na faɗa, gindin gawon nan ba wurin tsayawar budurwa ba ne." Ta juye mini butarta a ka, ta kama kunnena ta hau tofi.

"Inna, ba iska ba ne, magani ne," na ce ina haki.

"Duk haka suke cewa, 'yar nan."

Da na ɗaga ido, ga Mushe Haruna, ga wani dattijo siriri da jaka a hammata, ga idanun yara jere a tsakanin karare. Darekta ya ce a hankali, "Madam, ga ansifekta."

Dattijon ya tsuguna ya tambayi me nake ji. Ban da ƙarfin ƙarya, na miƙa masa wayar. Ya zare abin kunnen, muryar matar ta fito fili tana ƙirga kamar mai gwanjo. Ya saurara, ya gyara tabarau, ya sa yatsa ɗaya ya taɓa maɓallin.

Sai ga wata murya daban, mai sanyi, ba ta sauri ko kaɗan. "Shaƙa... a hankali... ɗaya... biyu..." Mako biyu ina hira da baiwar Allah, sai ranar na san muryarta.

"Madam," in ji shi, "yara ma haka kike yi musu?"

Na so ƙasa ta tsage. Ya duba agogo ya ce ba inda za shi, in faro saƙon daga farko in bi shi yadda aka yi shi. Minti huɗu na yi ina numfashi a gaban ansifekta da darekta, ruwa na ɗiga daga ɗankwalina. Inna Delu ta tsaya da buta a hannu, ko za a sake buƙata. Abin haushi, ya yi aiki. Na ji bugun yana sauka kaɗan-kaɗan, har na tsaya ina mamakin yadda ƙirge zalla ke lallashin zuciya.

Na shiga na yi darasina da jiƙaƙƙen kai, alli bai yi rawa ba. An bar ni a aikin. A ƙasan takardar ya ƙara layi ɗaya: ta san aikinta, amma ta riƙa jira yara su gama amsa.

Da na ba matar Damagaram labari, ta yi dariya har sai da ta nemi gafara, sannan ta ce mako mai zuwa a kan saurin nan za mu yi magana. Saƙon minti bakwai ne, na ji shi duka yadda ta yi shi.

Abin da na koya shi ne, wanda ya je neman kwanciyar hankali ya bar ta ta iso da ƙafarta, in ya ja ta da gudu a gindin gawo zai ƙare. Yanzu matar tana kan saurinta na asali, yara ma ina jiran su. Gwaggo kam, Allah ya yafe mini, har yau a ninke nake jin ta.