Ranar da Babur Mara Ƙara Ya Ja Ni Cikin Taɓo

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ba, ko da ma na so in manta mutanen Azare ba za su bar ni ba. Shekara talatin da ɗoriya ina gyaran babur a garin nan. Rumfata tana kan hanyar Katagum, kuma ba yabon kai ba, in babur ya doso ina iya gaya maka ciwonsa tun kafin mai shi ya sauke ƙafa. Da kunne nake aiki. (Maiɗakina ta ce kunnen nan babur kaɗai yake ji, in ita ta yi magana sai ya toshe. Wannan kuma zance ne daban.)

'Yan shekarun nan samarin garinmu suka ɗauko tseren babur na rami da tudu. Akwai wani tsohon rami a bayan gari inda aka ɗebi jar ƙasa lokacin aikin titi. Shi suka gyara, suka tara tuddai na tsalle, suka bar wani kwari da tankar ruwa take jiƙawa ya zama taɓo. Da an gama girbi, duk Asabar sai ka ga jama'a har daga Misau da Zadawa da Sakwa. Mai ɗaukar nauyin wasan shi ne Alhaji Modu, ɗan kasuwa ne, iyayensa daga Borno suka zo amma shi a nan aka haife shi. Yana da baburan tsere guda uku masu dogayen ƙafafu, na wani babban kamfanin ƙasar waje da ya yi suna tun muna yara, kuma ni nake duba masa su. In faɗi gaskiya, rabin tuwon gidana daga baburan nan yake fitowa.

Wata ranar Litinin Alhaji ya tsaya a rumfata, ko fitowa daga mota bai yi ba.

"Oga, ina so in ƙara babur, amma mai batir nake so," in ji shi. "Babban kamfanin namu ma sun fara yi, sai dai an ce sai na jira wata da watanni kafin ya iso. To akwai wasu yara a Kano da suka buɗe ɗan kamfaninsu, suna haɗa nasu. Ɗaya daga cikinsu ɗan Misau ne, zai kawo samfuri ran Asabar a sa shi a tsere. Kai ne idona. In ka ce a saya, a saya. In ka ce a'a, magana ta ƙare."

Na ce, "An gama, Alhaji." Amma yana tafiya na zauna ina lissafi.

Ka gane, babur mai batir ba shi da fulogi, ba shi da kafireto, ba a juye masa baƙin mai. To ni me zan gyara? In Alhaji ya saya ya ji daɗi, gobe ya sallami masu shan fetur ɗin, jibi 'yan acaɓa su bi sahu, ni kuma in koma ina? Tun kafin in ga babur ɗin da idona na riga na yanke masa hukunci. Satin nan kaf babu teburin mai shayin da ban zauna na yi masa tatas ba. Ina cewa kamfani shi ne wanda ya shekara hamsin yana ƙera inji, ba yara biyar da suka kama hayar shago ba. Ina cewa yau ka saya, gobe su watse, ka rasa wanda zai sayar maka da ko noti. Wasu maganganun akwai gaskiya a ciki, amma ba gaskiyar ce ta sa nake faɗinsu ba, tsoro ne kawai.

Ran Asabar na ɗauko farar shaddata ta sallah na saka, har da hula zanna. Ni da kullum ake gani cikin rigar aiki mai maiƙo. Maiɗakina ta dube ni ta ce, "Yau ɗaurin aure za a je ko filin babur?" Na ce mata yau alƙalanci zan yi. (Da na san abin da ke jirana, wallahi da buhu na saka.)

Da hantsi na isa, fili ya cika. An kafa rumfa an jera kujeru, Alhaji na zaune da baƙinsa. Baburan fetur suna ta kuka, hayaƙi na tashi, ƙamshin da ni a wurina ya fi turare. Can gefe, kusa da kwarin taɓon, ga baƙon nan an jingine shi, siriri, kore, babu salansa, babu tankin mai, wani baƙin akwati ne a inda inji ya kamata ya zauna. Kusa da shi wani saurayi ne mai tabarau, ba zai wuce shekara ashirin da bakwai ba. Shi ne Injiniya Usman. Ya russuna ya gaishe ni da hannu biyu, ya ce ya daɗe yana jin sunana. Na amsa masa a daƙile.

Alhaji ya taso, baƙinsa suka biyo shi, samari suka zagaye mu, wayoyi duk a sama. Ni kuwa na soma zagaya babur ɗin hannu a baya kamar likita. Na ƙwanƙwasa nan, na latsa can, na taɓe baki.

To a nan sai na yi maka bayanin wata ɗabi'a tamu ta makanikai. Duk wanda ya koyi aikin nan a gareji, abu na farko da yake yi in an kawo masa babur shi ne ya tsaya a gefe, ya sunkuya ya kai kunne kusa da inji, ya murɗa totur sau biyu ko uku ya ji muryarsa. Babur yana firi, ba inda za shi, kuka kawai zai yi. Hannu ne yake yi da kansa, ba a ma tunani. In kuma babur shiru yake, to a kashe yake, ka murɗa har gobe ba abin da zai faru. Haka na sani tun ina ɗan koyo.

Shi wannan kuwa ba shi da firi, kuma shirunsa ba ya nufin komai.

Na kama hannun babur ɗin na dama, na sunkuya. Usman ya matso da sauri ya ce, "Oga, tsaya, ai a..." Na ɗaga masa hannun hagu ba tare da na kalle shi ba. "Yaro, bari in ji shi da kaina. Kafin a haife ka nake wannan aikin." Har wasu suka yi dariya, na ji daɗi. Sai na murɗa, murɗawa irin ta gwani, har ƙarshe.

Ban ji ƙara ba. Fizga kawai na ji, kamar an ɗaure ni a bayan tirela. Babur ya ɗaga ƙafar gaba ya zabura, ni kuma maimakon in saki sai tsoro ya sa na ƙara damƙewa, damƙewar kuwa ƙarin wuta ce. Na yi gudu taku uku a sunkuye, na huɗu ƙafafuna suka bar ƙasa. Haka ya ja ni a kan ciki har cikin kwarin da tanka ta gama jiƙawa da safen nan. A can hannuna ya kuɓuce. Ni na tsaya a taɓo, shi ya ci gaba shi kaɗai, ya je ya daki gindin wata bishiyar maina ya kife.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne shirun. Da babur mai inji ne, da ƙararsa ta rufe mini asiri. Wannan kuwa kowa ya ji salatin da nake yi, kowa ya ji ina kiran sunan mahaifiyata, ni mai 'ya'ya bakwai. Na ɗago, taɓo har cikin hanci, takalmi ɗaya babu, hula tana yawo a kan ruwa. Na miƙe, sai na ji wando yana sauka, ashe mazagi ya tsinke. Na cafke shi da hannu biyu. Nan fa dariyar da ake ta dannewa ta ɓalle, har Alhaji sai da ya juya baya kafaɗunsa na rawa.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba. Usman ya faɗo cikin taɓon da takalmansa, kuma wurina ya nufo, ko kallon babur ɗinsa bai yi ba. Ya riƙe ni yana tambaya ko na karye. Ya kwance igiyar da ke rataye da katin kamfaninsu a wuyansa ya miƙo mini a ɓoye in ɗaure wando. Sannan ya juya ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Jama'a, laifinmu ne. Babur ne a kunne kuma babu abin da yake nuna a kunne yake. Duk makanikin da ya san aikinsa abin da Oga ya yi zai yi. Mu ne ba mu yi tunanin wannan ba."

Ni da shi mun san ya yi ƙoƙarin gaya mini na hana shi. Bai faɗi wannan ba.

Da aka ɗago babur ɗin sai na matsa na duba. Ƙafar gaba ta lanƙwashe, ko juyawa ba ta yi. Kuma shi kaɗai suka zo da shi, babu wata ƙafar. Alhaji, da ya gama share hawayen dariya, ya ce shi fa abin da bai ga gudunsa ba ba zai saya ba, in bai shiga tseren la'asar ba a haƙura. Na dubi Usman. Ya tsuguna yana shafa ƙafar nan, na ga idonsa ya kaɗa. Daga baya na ji shekara biyu suka yi suna haɗa shi, kuma Alhaji ne mutum na farko da ya yarda ya ko duba.

Abin da na zo nema kenan ya samu, babur ya faɗi ba tare da na ce uffan ba. Sai dai kunya ta hana ni jin daɗinsa. Na matsa kusa da shi, ina ɗigar taɓo, na ce a hankali, "Injiniya, ka yafe mini. Ni fa da niyyar kushe shi na zo."

Ya yi ɗan murmushi. "Na sani, Oga. Duk garejin da muka je haka ake karɓarmu, kuma ban ga laifinku ba, abincinku ne. Amma ni batir na iya da waya. Wannan ƙafar in na shekara a kanta ba zan miƙar da ita ba. Kai za ka iya?"

Wallahi tunda nake ba a taɓa yi mini tambayar da ta yi mini daɗi kamar wannan ba.

Na aika aka ɗauko mini akwatin kayan aikina. A nan ƙarƙashin mainar na zauna, cikin shaddar da ta koma kalar kunun kanwa, na cire ƙafar, na sassauta wayoyinta ɗaya bayan ɗaya, na buga inda ya kamata da katako, na canza guda shida da suka karye, na dinga ɗaurewa ina juyawa ina duba. Ina cikin yi sai na lura da abin da tsoro ya hana ni gani da safe. Sarƙa irin tamu ce, birki irin namu ne, taya da ƙafa duk aikina ne. Har na gano sun ɗaure sarƙar tamau, in ya yi tsalle biyu za ta tsinke. Na nuna wa Usman, ya ɗauko ɗan littafi ya rubuta, ya ce in ƙara duba masa wani abin. Sai da muka cika shafi biyu.

Ana idar da sallar la'asar babur ya hau layi. Bai ci tseren ba, kada in yi maka ƙarya. A tashin farko ya bar kowa a baya, a tudu ma babu mai kama shi, amma a zagayen ƙarshe batir ya yi zafi ya rage gudu, babura biyu na babban kamfanin suka wuce shi. Na uku ya zo. Ni da na zo kushe shi, ni ne na fi kowa tsalle a bakin fili, hannu ɗaya a ƙugu saboda ban yarda da igiyar nan ba.

Alhaji ya kira ni gaban baƙinsa ya ce, "To alƙali, me ka gani?"

Na ce, "Alhaji, mai batir na babban kamfani ban gan shi ba, ba zan yi masa shaida ba. Wannan kuwa ƙarfinsa a jikina na ji. Yana da gyara, mun rubuta. Amma in ya lalace, mai shi yana nan Kano, kuma na ga irin mutumin da yake. Ka saya."

Ya sayi ɗaya. Da suka kawo shi bayan wata uku, sun sa masa ɗan ƙara da yake yi in yana kunne, da wani maɓalli da sai ka danna kafin totur ya amsa. Usman ya sa aka kai ni Kano na yi sati biyu ina koyon abin da ke cikin baƙin akwatin nan, ina zaune a benci ɗaya da sa'o'in 'ya'yana ina tambaya kamar ɗan aji ɗaya. Yanzu duk babur ɗinsu da ke wannan yankin rumfata ake kawo shi. Ban san ko ɗan kamfanin nasu zai kai shekara hamsin ba, amma kullum ina sa su a addu'a.

Bidiyon da samari suka ɗauka kuwa yana nan yana yawo, har wani ya sa masa kiɗa. Na daina jin haushi. In an nuna mini sai in ce a tsayar daidai inda saurayin nan ya faɗo cikin taɓo, don wurin ne ya kamata a kalla.

Abin da na koya bai da yawa. In yaro ya buɗe baki ya ce "Oga, tsaya," yanzu tsayawa nake yi in ji ƙarshen maganar, ko da kuwa kafin a haifi ubansa na fara aikin. Sannan ban ƙara zuwa filin tsere da wando mai mazagi ba.