Yadda Za Ka Haye Binciken Turawa da Tukwanen Kashe Gobara na Aro

Idan masana'antarku na sayar wa Turai kaya, to saƙon nan ya riga ya iso ku: ba za su ƙara sayen ko taku ɗaya na igiya ba sai kun tabbatar musu cewa duk mai kawo muku kaya yana tsare lafiyar ma'aikatansa. Kada gabanka ya faɗi. Ni Sufiani na riƙe kujerar mai tabbatar musu da hakan a masana'antar igiya ta Mzee Mndolwa a nan Tanga, kuma na yi maka alkawari: bi matakan nan, duk masu kawo maka kaya za su haye. Riƙe kalmomina da kyau.

Mataki na ɗaya: Karɓi muƙamin da fara'a

Mzee zai tara ku, ya duba wanda ya fi kowa Turanci kuma ba shi da kowa a gidan. Kai ke nan. Zai shaida maka cewa kwangilar Turawan birnin Bremen ce ke ciyar da rabin ma'aikata, in ta suɓuce kai za ka fara bin ƙofa. Yi godiya, ka nemi kujera mai juyawa.

Mataki na biyu: San mutanenka daga nesa

Zaren katani, wato zaren ganyen da kuke murza igiya da shi, daga rumbuna uku yake zuwa a hanyar Muheza. Kada ka je, rana ta yi yawa. Buga waya ka tambaya ko lafiya. Mutumin Tanga ko rufin ɗaki ya faɗo masa a ka zai ce maka lafiya lau. Mayar da wannan amsa doguwar Turanci ka aika.

Mai rumbu na uku, Mama Mwantumu, ita ce za ta ɓata maka lissafi. Kullum maganarta ɗaya: matan da ke mata aiki cikin busasshen zare suke wuni, ƙofa ɗaya ce, kuma ta gaji da roƙon Mzee ya taimaka mata da tukwanen kashe gobara. Ce mata ana dubawa. Gwanin aiki ba ya cewa a'a, ana dubawa yake cewa.

Mataki na uku: Kada a sayi abin da ke rataye a bango

Wata rana za a ce Madam Wiebke, mai binciken da 'yan Bremen suka turo, tana tafe ta ga rumbunan da idonta. Babu ko ɗaya mai tukunyar kashe gobara, ku kuwa ga su jajaye reras a bangonku, ba su taɓa yin aikin komai ba. Sauke su duka, haɗa da hulunan kwano, ka loda wa Kibwana mai bajaji, wato keke mai ƙafa uku. Aikinsa ya riga motarku isa kowane rumbu, ya rataye, ya ɓuya.

Mataki na huɗu: Ciyar da baƙuwa

Nan asirin yake. A garin nan baƙo ba ya tashi bai ci abinci ba, kuma babu dokar Turai da ta hana. Da ta gama duba rumbun farko, a shimfiɗa tabarma, a kawo shinkafar pilau da ruwan kwakwa. Tana kai loma, Kibwana na kwance kaya ta baya. In ta ce ta ƙoshi tukwane ba su tashi ba, a fito da tsohuwar gidan ta ɓata rai, ta tambaya ko girkinta ne bai yi ba. Baturiya za ta ƙara. A rumbu na biyu a maimaita, da shayi da soyayyen kifi. Ranar, wallahi, daɗi ya kusa kashe ni, ina ta waƙa a zuci.

Mataki na biyar: Dafa ƙirji

A rumbun Mama Mwantumu, Madam za ta tambayi na wane ne tukwanen. Kada ka bari Mama ta buɗe baki. Dafa ƙirji ka ce nata ne, da guminta ta saya tun tuni. Mama za ta dube ka ta gyaɗa kai a hankali. Madam ta ɗauki hoto, ta yi ta yabo.

Mataki na shida: Karɓo kayanka

Cikin mota Madam za ta ce tunda rana ba ta faɗi ba, bari a biya masana'antarku ita ma ta gani. Yi murmushi, ka ce ka manta wayarka, ka zaga baya da gudu.

"Mama, a taimaka a sauke tukwanen nan, sauri muke."

"Waɗanne tukwane, ɗana?"

"Namu mana, Mama."

"Ikon Allah. Ba yanzu ka dafa ƙirji gaban baƙuwa ka ce nawa ne ba? Ko in leƙa motar in ce mata bakinka ne ya suɓuce?"

Matan rumbun za su daina aiki su jeru a bayanta suna kallonka. Kibwana ya shiga goge madubin bajajinsa. Mama ta miƙo maka ƙullin sauran pilau, ta ce ka kai wa Mzee, ka gaishe shi da kyau.

Mataki na bakwai: Tsaya a gaban bango

A bangon masana'antarku, kowace ƙugiyar da aka sauke wa tukunya akwai jan fenti kewaye da ita, da kibiya mai nuna inda tukunya take. Jikinka ƙugiya ɗaya kawai zai iya rufewa. Madam za ta bi sauran da ido a nitse, sannan ta shawarci Mzee ya je Muheza ya koyi aiki wajen Mama Mwantumu.

Rumbuna uku duk sun haye, kamar yadda na yi alkawari. Masu tukwanen na asali ne kaɗai suka faɗi. Mzee zai sayo sababbi cikin makon, kwangila ta tsira, kujera mai juyawa kuma a ba wani.

Sanarwa

Duk wanda ya bi matakan nan aka sallame shi, shi da Mzee ɗinsa, ban san shi ba, bai san ni ba. Tukwanen dai suna nan a bangon Mama Mwantumu, kowace Juma'a ana goge su. Kada ka ɓata bakinka neman aro, ta ce ita ba ta ba da aron kayanta.