Sunan Malam a Takardar Haraji

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ta watan Afrilu ba, ranar da gwamnatin Amurka ta sa na yi abin da uwata ba ta yi ba, kakata ba ta yi ba, kuma na yi shi da ƙarfi a gaban jama'a cike da zaure.

Bari in ɗauko zancen daga tushe. Ni ba a sa ni makaranta ba, ta boko ko ta allo (ƙanne bakwai na goya, wa zai sake ni?), amma Allah ya ba ni ido. In na doso gidan biki, 'yan mata kan gyara ɗankwali tun kafin in yi sallama. Shekarata shida a garin Largo na Amurka wajen 'yata Hadiza, wadda take aikin nas a asibiti. Ba na iya zaman banza, sai na fara renon yaran abokan aikinta ana ɗan biyana, kuma a ƙasar nan duk wanda aka ɗan biya, hukuma na son ta ji labari.

Maigidana kuwa, Malam, yana can garinmu kusa da Zariya. Ya ce shi ba zai bar gonarsa da majalisarsa ya zo inda ake kulle tsoho a ɗaki kamar kaza mai kwanci ba. Sai da yanar ido ta rufe masa ɗaya ta fara leƙen na biyu sannan ya sauko ya yarda zai zo a yi masa aiki. Lauyan da Hadiza ta samo ya ce kafin a shigar da takardun ɗauko shi, sai ya ga takardar harajina ta bana a cike, wadda ta nuna ni matar aure ce mai miji a wata ƙasa. In na bari wa'adi ya wuce komai zai ja baya, idon Malam kuwa ba jira yake ba.

To ga inda gizo ke saƙar. Shekara arba'in da uku muna tare, bakina bai taɓa furta sunan mutumin nan ba. "Malam" nake cewa, in ana hira in ce "shi", duk mai hankali ya san wa nake nufi. Jikana da aka sa wa sunansa, Baffa nake kiransa. Ban tsaya a kaina ba, har wa'azin abin nake yi. Wata uku kafin wannan Asabar, a wani taron suna a Takoma Park, na ji wata yarinya Fa'iza ta ɗaga murya daga kicin: "Sulaiman! Miƙo min makullin mota!" Mijinta fa. A gaban iyayensa. Na ajiye cokali na kira ta tsakiyar falo, na wanke ta tas. Na ce macen da ta iya kiran sunan mijinta gatsal kamar mai kiran ɗan tasi, kunyarta ta faɗa teku tun a jirgi. Na ce ni ko wuƙa aka ɗora min a wuya ba zan yi ba. (Ku riƙe maganar wuƙar nan, za mu dawo kanta.) Yarinya ta durƙusa ta ce, "Allah ya huci zuciyarki, Mama." Na koma kan tuwona ina jin na gyara duniya.

Ranar Asabar ɗin Hadiza tana da aiki. Kafin ta fita ta ba ni wani ambulan mai kauri ta ce, "Inna, in kin je ki miƙa musu shi duka, kada ki cire komai." Na ce to. Tana rufe ƙofa na zazzage shi a kan gado. Ni ban taɓa miƙa wa wani takarduna dunƙule ba, ba kuma a ƙasar mutane zan fara ba. Na ware masu hotona da waɗanda na ga lambobi sun yi musu yawa, na ce waɗannan su ne na haraji. Sauran, masu rubutu zalla, na naɗe a leda na cusa can ƙasan jaka, na ja zif.

Aminiyata Maman Rahila ce ta kai ni, mutuniyar Kafanchan, tsohuwar nas da ta ajiye aiki. In ta hau babban titin nan da ya zagaye birni, ita tana kiran Yesu ni ina salati, a haka muke isa ko'ina lafiya. Wurin wani zauren taro ne a Greenbelt inda 'ya'yanmu masu ilimin lissafi ke cika wa mutane takardun haraji kyauta, kuma Asabar ɗin ce ta ƙarshe kafin wa'adi. Zaure ya cika: 'yan Najeriya, 'yan Nijar, 'yan Gana, yara na guje-guje, wata tsohuwar firinta a lungu tana gurnani kamar injin markaɗe. Rabin matan da ke wurin sun halarci sunan nan na Takoma Park.

Aka kira lambata. Na isa teburi, wa zan gani a bayan kwamfuta?

Fa'iza.

Ta miƙe ta rusuna. "Mama, ina kwana? Bismillah, zauna." Na amsa da ƙyar, na zauna ina rungume da jaka. Wallahi yarinyar ta san aikinta. Ta tambayi yara nawa nake reno, ta duba takardun da na ba ta, yatsunta na ta rawa a kan kwamfuta. Har na fara sakin jiki. Sai ta ce, "Mama, tunda Baba yana gida, hanya biyu ce. Ko ki cika ke kaɗai a matsayin matar aure, ko a haɗa ku tare, sai a nema masa lambar haraji ya sa hannu. Za mu duba wadda ta fi. Amma fara ba ni cikakken sunansa."

Na ce, "Malam."

"Eh, Malam wa?"

"Malam dai."

Ta ɗan yi murmushi. "Mama, Malam ba zai shiga fom ba. Sunansa na yanka nake so, yadda yake a fasfo."

 Na ce, "To a yi waccan hanyar, ta ni kaɗai."

"Ita ma sai da sunansa."

Na ce ta duba katina. Ta ce sunan mahaifina ne a jiki. Na ce ta tuna sunan Hadiza na biyu. Ta ce ai wannan sunan garinmu ne, kuma gaskiyarta, shi aka liƙa wa yaran tun a firamare. Muka kira Hadiza sau uku, waya a kashe, tana kan marasa lafiya. Na juya wajen Maman Rahila. Ta buɗe hannu: "Hajiya, shekara shida ina tambayarki, kullum ki ce min 'shi'. Yau ga ranar 'shi' ta zo."

Sai dabara ta faɗo min. Na ce, "'Yar nan, kin san Hajiya Laraba ta Baltimore? To sunan ɗanta na fari."

"Abba?"

"Ba Abba ba, sunansa na gaskiya!"

"Ai Mama tunda nake ban taɓa jin an kira shi da wani suna ba. Sunan kakansa ne, ɓoyewa ake yi."

Kun ji fa. Ramin da muka haƙa da hannunmu, ni na fara faɗawa.

Layi ya fara tsawo a bayana. Wani bawan Allah ɗan Nijar ya duba agogo ya yi gyaran murya. Fa'iza ta ce, "Mama, abu mai sauƙi, mu kira Baba ya faɗa da bakinsa." Na ce Allah ya yi miki albarka, kuma har zuciyata na faɗa. Ta karɓi wayata ta danna kiran bidiyo, ta ƙure sifika saboda hayaniya, ta jingina wayar da kwalbar ruwa.

Abin da na manta shi ne, sha ɗayan safe a nan, bayan la'asar ne a gida. Fuskar Malam ta cika waya, a bayansa ga dattawan majalisa reras a kan tabarma. Fa'iza ta gaishe shi ta yi masa bayani tiryan-tiryan. Ya saurara yana shafa gemu. Na san wannan shafa gemun. Duk ranar da ya yi shi, akwai tsiyar da yake ƙullawa.

Ya ce, "Yarinya, wa hukuma ta tambaya, ni ko ita?"

"Takardarta ce, Baba, amma kai ma in ka faɗa ya wadatar."

"Af! Ai ni tsufa ya kama ni. Ido ya tafi, ga shi yau sunan ma ya shige min duhu. Hajiya, taimaka ki tuna min."

Dattawa suka kwashe da dariya har wayar na rawa. Na ce, "Malam, ba lokacin wasa ba ne, mutane na jira." Ya ce, "Ni ma jira nake. Shekara arba'in da uku ina jira."

Na dubi idon nan nasa da ya yi fari fat, na dubi ɗayan da ya fara hazo. Na ce a raina, ke dai kunya ba ta yi wa mutum aikin ido. Na yafito Fa'iza, na kai bakina kunnenta, na rufe da gefen hijabi, na faɗa a hankali yadda ko ni ban ji ba.

"Mama, ban ji ba."

Na sake. Firinta na ta gurnani, wani yaro na tsala ihu.

"Wallahi Mama ban ji ba, ɗan ƙara."

Nan fa zuciya ta ɗebe ni. Dama ni in raina ya ɓaci muryata ba ta da birki, da ita nake tsayar da yara biyar a guje. Na cika ƙirji da iska na saki sunan gaba ɗaya, nasa da na mahaifinsa. A daidai wannan lokacin takarda ta ƙare wa firinta ta yi tsit, uwar yaron nan ta toshe masa baki da mama, zaure ya yi shiru kamar an yi ruwa an ɗauke. Sunan ya tashi ya bugi silin ya dawo.

Daga cikin waya, tun daga ƙasar Zazzau, sai muka ji:

"Na'am!"

(Kada mai karatu ya tsaya jiran in maimaita sunan a nan. Sau ɗaya aka yi, ba za a ƙara ba.)

Majalisa ta kaure da kabbara. Maman Rahila ta rangaɗa guɗa irin ta kai amarya, ta riƙe ciki ta sulale kan kujera. Matan Takoma Park kowacce ta sa fuska a mayafi, kafaɗu na rawa. Ɗan Nijar ɗin nan ya ce, "Barka, Hajiya, barka!" kamar na sauka lafiya. Malam kuma ya matso da kunne jikin waya ya ce, "Sabis ya ɗan yanke, Hajiya. Me kika ce?" Na kife wayar a kan teburi.

Fa'iza kaɗai ce ba ta yi dariya ba. Ta buga sunan, ta cije leɓe har ya yi ja, ta ce, "Saura ranar haihuwarsa, Mama. Ba wata takarda da Anti Hadiza ta haɗo ki da ita?" Na zuge jaka na ciro ledar nan na miƙa mata. Ta warware. Takarda ta farko, shaidar aurenmu daga kotu. Ta biyu, wasiƙar lauya. Ta uku, wadda Hadiza ta rubuta da hannunta da manyan baƙaƙe don kada a wahalar da ni. Kowacce da sunan Malam a jiki, ɓaro-ɓaro. Awa guda ina rungume da shi a ƙirji ina neman sa a Baltimore.

Ta dube ni na dube ta. Ta rage murya ta ce, "Mama, ba wuƙa fa. Fom ne kawai." Sai a nan dariyar ta ƙwace mata, ni ma ban san lokacin da tawa ta fito ba, har da hawaye. Na ce, "Ja'ira. Gama min aikina." Ta gama tsaf, aka tura takarda a kan lokaci.

Kafin mu isa Largo labari ya riga mu. Hadiza ta dawo daga aiki tun daga bakin ƙofa tana cewa, "Inna, an ce yau kin yi waƙa a Greenbelt?" Ƙanwar Malam ta aiko saƙon murya minti huɗu, babu komai a ciki sai dariya da tari.

An ɗauki lokaci, amma takardu sun fito, Malam ya zo, an yi aikin ido biyun. Ranar da aka cire masa bandeji ya ƙare min kallo ya ce ashe na tsufa, na ce shi ma madubi na jiransa. Fa'iza da mijinta suka zo dubiya da kular farfesu. Tana zuba wa Malam ta juya ta ce, "Sulaiman, miƙo cokali." Na buɗe baki. Na tuna. Na mayar da shi na rufe.

Yanzu duk ƙasar nan ba na jin akwai mai ɗokin lokacin haraji in ba Malam ba. Tun sanyi bai gama tafiya ba zai fara: "Hajiya, yaushe za mu wajen yarinyar nan? Ko za su sake tambaya?" Ni kuwa na koyi karatuna, ko da ba a aji ba. In an ba ki ambulan aka ce ki miƙa duka, ki miƙa duka. In kuma za ki yi rantsuwa a gidan suna, ki fara tambayar inda yarinyar da kike wa faɗa take aiki.