Takardar da Na Gurgunta Baba a Cikinta

Ko na manta komai na ƙuruciyata, ba zan taɓa mantawa da wata safiyar Laraba a Ƙanƙara ba, ranar da na roƙi ƙasa ta tsage in shige, ita kuwa ta yi biris da ni.

Zamanin nan ne da kuɗin fetur suka fara leƙowa har ƙauye. An yi wa ma'aikata ƙarin albashi, kowane malamin firamare ya sayi babur da rediyo mai kaset, ni ma ban yarda an bar ni a baya ba. Ga suma na tara kamar kwando, ga wando mai faɗin ƙafa da ke share wa gari titi kyauta. (Kada ku yi dariya, a lokacin mu ne 'yan gayu.) Ana cikin haka aka yanka sabbin fulotai a bayan gari, Allah ya sa na samu ɗaya.

Burina guda ne: in gina gida in ɗauko Baba daga Yargoje. Tun rasuwar Inna yake zaune shi kaɗai, abin yana cin raina. Da na je masa da maganar, sharaɗi ɗaya ya kafa mini. Ya ce, "In babu zaure a bakin hanya, inda mai wucewa zai yi mani sallama in amsa, to ka bar ni nan. Ni ba kaza ba ne da za ka kai akurki."

Nan fa ake yin ta. Mai awon fili ya nuna mini turakun siminti huɗu, ya ce dokar sabuwar unguwa ita ce daga bakin titi sai an bar ƙafa ashirin babu gini. Wanda yake son a yi masa sassauci sai ya rubuta wa kwamitin tsara gari, ya kawo dalili mai ƙarfi, su zo su duba da idonsu.

To ni da kaina mai hayaƙi, sai na ga ai abin kunya ne in rubuta wa manyan 'yan boko cewa ubana gaisuwa yake so. Na zauna gaban tafiretar makaranta, ƙamus a gefe, na zuba Turanci. Na ce mahaifina tsoho ne tukuf, ƙafafunsa sun mutu, ko ƙofar ɗaki sai an ɗauke shi, tafiyar ƙafa ashirin a wurinsa daidai take da zuwa Funtuwa, don haka a bar ni in gina masa zaure a bakin titi. Na karanta har sau uku, ni kaina sai da na ji ƙwalla. (Baban da nake magana a kai fa, a ƙasa yake takowa kasuwar Ƙanƙara, ya koma ya tarar da la'asar a gona.)

Ban gaya masa komai ba. Saƙo kawai na aika cewa na kusa fara gini. Abin da boko ya mantar da ni shi ne, a garinmu ba a cewa manomi ɗansa zai yi gini a ce kuma ya zauna. Gayya zai kira.

Ranar Larabar da kwamiti suka sa za su zo dubawa, na caɓa ado, na gwada fuskar tausayi a madubin babur, na je ofis na shige gaban Landirobar kwamiti ina yi musu jagora. Tun daga nesa na fara jin ganga. Na ce a raina wataƙila suna ake yi a maƙwabta. Muna shan kwana na gane ba suna ba ne. Mazan Yargoje ne cike da fulotina, sun haƙa rami, jakuna na kawo ruwa, wasu na dunƙula tubali suna jerawa a rana. A tsakiyar ramin kuwa, wando naɗe har cinya, ga Baba yana tattaka ƙasa da ƙafafun nan da na kashe, yana ba da waƙa ana amsa masa. Yana hango mota ya yi tsalle ɗaya ya fito. Wallahi tsalle, ko hannu bai dafa ba.

Shugaban kwamitin, wani Alhaji dattijo mai tabarau, ya sauko ya dube shi, ya dube ni, ya ce, "Malam, wannan jarumin fa?"

Shaiɗan ya raɗa mini in ce ƙanin Baba ne. Kafin in buɗe baki Baba ya riga ya iso yana goge hannu a riga. "Sannunku da zuwa! Ɗana ne wanga, ni na haihe shi."

Alhaji ya gyara tabarau. "Malam, uba nawa gare ka?"

Na ce ɗaya, ranka ya daɗe. Muryar da ta fito ko ni ban san ta ba.

Baba ya ce, "Mi ya faru?" Sai Alhaji ya zaro takardata, ya shiga karantawa yana juya ta da Hausa, a tsanake, bai tsallake ko layi ɗaya ba. Mai ganga ya tsaya. Da aka zo wurin Funtuwa, dariya ta ɓarke, har wani ya zauna cikin kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Wani abokin wasan Baba ya ɗaga murya, "Haba Malam Ilu, ashe jinya kake ba mu zo dubiya ba!"

Baba bai yi dariya ba. Ya sunkuya ya dubi ƙafafunsa da laka ta rufe, ya ɗago ya dube ni. "Mi na yi maka kake yi mani wanga fata? Bokon da na kai ka, abin da ka koyo ke nan?" Dariyar mutane ba ta dame ni kamar wannan ba. Nan take na ji a jikina cewa ba izini kaɗai na rasa ba, Baba ma ba zai zo ba.

Alhaji ne ya tambaye shi ainihin abin da yake so, Baba ya faɗa cikin kalma biyar. Alhaji ya ce zaure dai ba zai yiwu ba, don nan za a bi da magudanar ruwa da turakun lantarki. Amma dokar gini mai rufi ta hana, ba ta hana dakali ba, ba ta hana itace ba. Ya juyo gare ni. "Da ka zo ka faɗa mana da bakin da Allah ya ba ka, da a tsaye mun gama." Ya rubuta "an ƙi" a kan Turancina, suka shiga mota.

Baba ya koma rami suka ƙarasa tubalin, ya tafi gida ko furar da na sayo bai taɓa ba. Sai da na yi sawu uku Yargoje, ina cire takalmi tun daga ƙofar gida ina durƙusawa, kafin ya sauko. Ya ce zai zo, amma dakalin shi zai gina da hannunsa, tsakar rana, kowa ya gani.

Haka kuwa aka yi. Ya gina, ya dasa darbejiya a gefe, ya yi shekara da shekaru a wurin. Masu zuwa kasuwa, 'yan makaranta, direbobin Faskari da Sabuwa, babu mai wucewa bai ce "Baba, barka da hutawa" ba. Har yau in na bi ta wurin da hantsi sai in ji kamar zan ji shi yana amsawa.

A ƙarshen rayuwarsa ƙafafun suka ƙi da gaske. Kullum da safe ni nake goya shi, in taka ƙafa ashirin ɗin nan in ajiye shi a dakali. Wata rana muna tsakiyar tafiya ya matso da bakinsa kunnena ya ce, "To Malam, yanzu sai ka sake rubuta masu. Wanga karon ni zan dangwala hannu."

Na yi dariya har na kusa kayar da shi, hawaye kuma na zuba. Tun daga Larabar nan ban ƙara yi wa kowa ƙarya a takarda ba. Ba don na zama waliyyi ba, a'a, don na gano takarda ba ta mantuwa, kuma uba ya fi ta.