Alhaji Kawo-In-Riƙe

Ranar Asabar bayan la'asar, a masallacin layinmu, maƙwabcina ya buɗe baki zai ja izu ɗaya da ka, sai ya tsaya cik a aya ta huɗu kamar babur ɗin da mai ya ƙare wa. Ya yi tari. Ya gyara hula. Ya koma farko, ya taho a guje, ya sake cijewa a wurin.

Kada wanda ya yi dariya, don ba ƙaramin mutum ba ne. Shi ne Shugaban Kwamitin Tilawa. Shi ya kafa kwamitin, shi ya zaɓi kansa, shi ya fara tafi. Izu talatin ya haddace tun yana saurayi, kuma duk wanda bai san haka ba, to bai taɓa sayen ƙwan fitila a shagonsa ba.

Shi ya kawo mana tsarin bibbiyu. Magidanta su zauna gaba da gaba, ɗaya ya karanto da ka, ɗaya ya riƙe Alƙur'ani yana gyara masa. Har doka ya liƙa a bango: wanda aka yi wa gyara goma a zama ɗaya, ya koma sahun 'yan koyo.

"Hadda kullum ake bibiyarta!" in ji shi, yana kaɗa jan biro. "Kwana uku ka bari, ka zubar!"

Sai dai saboda tsabar sadaukarwa, shekara goma sha ɗaya bawan Allah bai taɓa yarda a saurare shi ba. Da an zauna zai miƙa hannu: "Kawo in riƙe maka." Tela, abokin zamansa, sau uku Shugaban yana mayar da shi sahunmu na baya, na 'yan koyo.

Ran nan sabon limami, da bai san manya ba, ya ce cikin ladabi, "Yau a juya."

Tela ya karɓi Alƙur'ani da hannu bibbiyu. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ara mini biron."

Gyara goma sha huɗu, ko shafi ba a juya ba. Tela bai yi mugunta ba, har biyu ya yafe.

Ni da ban wuce izu biyu ba, na kakkaɓe tabarma, na matsa masa wuri kusa da ni. Na ce, "Sannu da zuwa, Shugaba. Ina talatin ɗin suka shiga?"

Ya zauna, ya baje babbar riga har ta rufe mini gwiwa, ya dube ni sama da ƙasa.

"Suna nan daram. Ku ne kuke jagwalgwala taku kullum har ta koɗe. Tawa sabuwa ce fil, tun da na ajiye ta ban taɓa ta ba."