Yadda Na Jingina Wa Mahaifiyata Maita

Ko zan manta da komai na zamana a Wudil, ba zan taɓa mantawa da yammacin da na kusa kashe aurena da bakina ba. Lokacin farar hula ba su daɗe da dawowa mulki ba, ni kuma ina ƙaramin ma'aikaci a jami'a, ina neman auren wata yarinya mai suna Hadiza. Iyayenta sun ce sai sun gama bincike a kaina, kamar yadda aka saba.

Abokin aikina Bulus, mutumin Filato, shi ya koya mana wani wasa na Turawa. Ana zama ne a kewaye tebur, shi yana ba da labari, kowa kuma ya ɗauki jarumi guda ya zama shi, sai a jefa wasu ƴan duwatsu masu lambobi a ga ko abin da ka yi niyya ya yiwu. Ni ne sarkin iyayi, don haka na ɗora wa kaina fassara sunayen jaruman zuwa Hausa. Nawa jarumin da sihirinsa aka haife shi, a jini yake. Na rasa sunan da zan ba shi, sai na ce maye. (Bulus ya ce in sake tunani. Na ce masa wa ya fi wani jin Hausa tsakanina da shi?)

Ranar da abin ya faru, Bulus ya zo da sababbin dokoki: duk mayen da ya ƙara girma dole ya zaɓi ɗaya cikin rassan maita uku. Muka fito da tebur gindin darbejiyar ƙofar gidan da muke haya bayan la'asar. Akwai wani dattijo zaune a benci da sandarsa. Muka gaisa sosai, har na tambaye shi gona, ya ce mai gidan yake jira.

Nan na buɗe baki, kuma ni in ina gardama har tsallaken titi ana ji.

"Mai jinin dodo fatarsa ce kawai mai kauri, ban ga amfaninsa ba," na ce. "Mai guguwa yana tashi sama, amma sau ɗaya a rana. Ni dai na inuwa nake so. Wannan ko mutum na barci zan lashe masa kurwa, ƙarfina ya ƙaru."

Bulus ya ce, "Na inuwar nan fa ba ya jure duka."

"Wa zai gan ni balle ya doke ni? Makon jiya mutum nawa na kwantar?"

Dattijon nan ya gyara zama, ya ce a hankali, "Samari, maitar nan taka, ta wajen uwa ce ko ta wajen uba?"

Wallahi daɗi na ji. Na ɗauka mun yi sabon ɗan kallo mai fahimta. Na ce, "Ta uwa ce, Baba. Ai ita ta fi ƙarfi, a nono aka sha."

Ya jinjina kai. Sannan ya ce, "To, a cikinku wane ne yake zuwa zance wurin Hadiza? Ni kawunta ne, daga Indabo."

Bulus, Allah ya saka mini, ya nuna ni da biro.

Na ji kamar an kwara mini ruwan randa. Na miƙe ina in'ina, ina cewa wasa ne, Baba, labari ne kawai. Don in tabbatar masa, na kwaso duwatsun nan na miƙa masa a tafin hannu. Na manta da cewa duk Bahaushe ya san maye ƙanƙara yake da ita a ciki. Kawu ya ja da baya har benci ya yi ƙara.

"Har fito da ita kake yi?" ya ce. Ya ɗauki sandarsa, ko sallama babu.

Hadiza ta daina fitowa zance. Na shiga damuwa ta gaske, abinci ma ya daina shiga. Ƙarshe dole na je gida na faɗa wa mahaifiyata, matar da unguwa guda ke kawo wa yara karatun allo, cewa ana zarginta da maita a garin da ba ta taɓa takawa ba, kuma ɗanta ne ya ba da shaida. Ba ta yi faɗa ba. Kallona kawai ta yi, ta ce, "Duk dangin ubanka ba su ishe ka ba, sai ni?" Da ta mare ni da ya fi mini sauƙi.

Ita ta shiga mota da ƙafarta mai ciwo, da limamin unguwarmu, har Indabo. Bulus ma ya bi mu da teburinsa, ya yi bayani yana gumi. Da ƙyar aka yarda cewa ba maye ba ne ni, sakarai ne kawai, kuma aka ce wannan ba ya hana aure.

An ɗaura. Amma har yau in na je gaishe da Kawu, sai in ji yana ce wa jikokinsa su shiga ciki, rana ta yi zafi.

Abin da na koya shi ne, in za ka yi iyayi, ka yi shi da sunanka, ka bar tsohuwarka ta huta. Har yanzu muna wasan, amma ni mayaƙi mai gora nake fitowa, maraya, wanda bai gaji komai a wurin kowa ba.